Shekarar da Harshena Ya Kurmance

Ranar kasuwar da ta wuce wani saurayi ya tsaya a rumfata, ya ɗaga kwalbar zuma sama ya haska ta da fitilar wayarsa, ya ce, "Baba, ai ku kun more. Sana'ar nan ba wuya. A zuba a kwalba, a manna takarda, a ɗauki hoto a tura wa mutane." Na ce ya ja benci ya zauna in ba shi labari. Bai zauna ba, wai mai mashin na jiransa. To, tunda shi ya tafi, bari in ba ku, ku da kuka shigo harkar zuma da waya a hannu kuna ganin aikin ya tsaya a kan mazurari da kwalba.

Sunana Ɗanlami. A Kafanchan aka haife ni, a nan kuma na yi shekara arba'in da 'yan kai ina saye da sayar da zuma. Kayan aikina ba su cika buhu ba: mazurari, farin ƙyallen tacewa, bokiti mai murfi, jarkoki, kwalabe, da wata tsintsiya da ba ta taɓa ganin ƙasa ba, tsinke-tsinke nake zara ina tsomawa a zuma. Duk waɗannan in sun ɓace yau, kafin azahar na sayi wasu. Kayan aikin da ba a sayarwa a kasuwa yana cikin bakina, kuma sai da na shekara talatin ina ci da shi kafin in san yadda aka ƙera shi.

Aikin farko da aka sa ni shi ne zama. Mahaifina gishiri da kanwa yake sayarwa, ya ga ba ni da haƙurin awo, sai ya kai ni wurin Mama Laraba, wata mata 'yar Nok mai rumfar zuma kusa da tashar jirgin ƙasa. Lokacin ina da shekara goma sha tara, ina ji da kaina. Ta jera min ƙoƙo uku, ta miƙo tsinke, ta ce in faɗa mata bambancinsu. Na lasa na farko na ce da zaƙi. Na biyu ma da zaƙi. Na uku na ce ya fi su zaƙi. Ta dube ni kamar na kifar mata da miya.

"Ko akuya ya san zuma yana da daɗi," in ji ta. "Kai yaro, harshe ba shebur ba ne. Ka ɗiga a bakin harshe, ka rufe baki, ka yi shiru. Zuma zai gaya maka itacen da ya fito."

Hausarta irin ta ƙauyukan nan ce, komai namiji ne a wurinta, har akuya da zuma. Amma ban taɓa ganin mai harshe irin nata ba. Ta hana ni goro, ta hana ni taba tun ban fara ba, ta hana ni yaji da shayi mai zafi da safe sai na gama ɗanɗano. Tsakanin zuma da zuma a kurkure baki da ruwa, a jira. Wata shida ina wannan zaman kafin wata safiya in ji wani abu a bayan zaƙin, ɗan bauri-bauri haka, na ce mata wannan ba irin ta jiya ba ce. Ta ce, "Yauwa, yau ka zo aiki." Ashe zumar furen ɗorawa ce.

Daga nan abubuwa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Zumar da ƙudan suka yi kiwo a mangwaro daban take da ta kaɗanya. Wadda suka ci dogon yaro tana da ɗaci a ƙarshe, mai saye ya ce an cuce shi, alhali ita masu magani ke bi gida-gida suna nema. Wadda aka ɗiba da wuta mai yawa hayaƙi ya kama ta. Wadda aka ɗiba ba ta nuna ba ruwa ya yi mata yawa, yau lafiya lau, bayan sati uku ta fara kumfa da tsami, wata rana ta cilla murfin kwalba. Sai kuma ta 'yan damfara, masu dafa sukari a tukunyar ƙarfe har ya yi ja, su zuba 'yar zuma da guntun saƙa don ido. A kan wannan Mama Laraba cewa take in nemi tukunyar. "Sukari zai ɓoye, tukunya ba zai ɓoye ba." In ka bar ta a bakin harshe ka yi haƙuri, bayan zaƙin sai ka ji ƙarfe-ƙarfe, kamar ka tsotsi mabuɗi.

Ku ma kuna da naku gwajin, na gan ku. A tsoma ashana a ƙyasta, a ɗiga a ruwa a ga ko za ta nutse, a ajiye wa tururuwa a koma gefe ana leƙe. Mai dafa sukarin ma yana da waya, ya ga duk wannan, kuma sukarinsa yana cin jarrabawar. Sannan in zuma ta daskare ta yi tsaki-tsaki a ƙasan kwalba sai ku kama ihu an zuba sukari, alhali wata zumar halinta ke nan in ta zauna.

Da Mama Laraba ta rasu, rumfar ta dawo hannuna, tare da wani nauyi da ban roƙa ba. A kasuwar nan in gardama ta tashi tsakanin mai kawo zuma da mai saye, ba a zuwa wurin hukuma, cewa ake, "A kai wa Ɗanlami." In tsoma tsinke, in yi shiru, in faɗi magana ɗaya, shi ke nan an gama. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi min daɗi, har tafiyata sai da ta canza.

Cikin masu kawo min zuma babu kamar Baba Bitrus, wani manomi daga ƙauyen da ke bayan Manchok, dattijo ne a majami'arsu. Amyoyinsa suna can gindin duwatsu inda ba kowa ke iya hawa ba, kuma ba ya ɗiba sai saƙar ta rufe. Jarka biyu yake ɗaurowa a bayan mashin, ya sauke, ya zauna a bencina ya cire hula ya yi fifita da ita, ni kuma in ɗanɗana don al'ada kawai. Cikin masu saye kuwa akwai masu tari, da masu ƙuna, da matan da ke haɗa ta da citta da lemun tsami, da wanda zai lashe rabin cokali sau uku sannan ya ce bari ya zagayo. Akwai kuma Sista Rifkatu, malama a makarantar koyon aikin jinya, ita ke koya wa ɗalibai sassan jikin mutum. Kwalba ɗaya take saye duk wata, kuma ba ta tafiya sai ta tsokane ni cewa in na mutu in bar mata harshena ta sa a kwalba ɗalibai su gani.

Shekarar da ta zo min da muni ba fari ta kawo ba, ba kuma ƙudan zuma ne suka gudu ba. Kunne ne. Tun ina yaro kunnena na hagu ke zubar da ruwa, har ya gaji ya bari, na saba da shi. Sai na dama ya kama, da ciwo da wari, aka tura ni wani asibiti a Jos, aka ce sai an yi aiki a cikin kunnen. An yi, an yi nasara, ciwo ya tafi. Amma ranar da na dawo gida matata ta haɗa min shayi, na kurɓa na ji ruwan ɗumi ne kawai, sai wani ƙarfe-ƙarfe a baki. Na ce ta manta sukari. Ta ƙara, na ce ta ƙara, har ta tsaya tana kallona da cokali a hannu. Miyar ma haka, na ce ba gishiri, yara kuwa suna ta neman ruwa.

Da na koma a duba ni, na sami likitan, saurayi ne mai fara'a. Na ce, "Likita, tun da aka yi aikin nan ba na ji."

Ya ajiye biro. Ya ɗauko wani ƙarfe mai ƙafa biyu ya buga a gwiwarsa ya kawo kusa da kunnena, na ce ina jin ƙararsa. Ya koma bayana ya yi raɗa ya ce talatin da bakwai, na maimaita. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ka fi ni ji."

Na ce, "A'a likita, daɗi ne ba na ji."

Ya ce, "Wanda aka yi wa aiki a ka ai ba zai ji daɗi nan da nan ba. Sai a hankali." Ya rubuta min maganin ƙarin jini. Layi na bayana har bakin ƙofa, wata mata da jariri tana ta leƙowa, sai na tashi.

Ban ga laifinsa ba har yau. Hausa ce ta haɗa mu. Da kalma ɗaya muke jin magana, mu ji wari, mu ji zafi, mu ji gishiri a miya, mu ji jiki. Na fito da takardar magani a aljihu da maganar likita cewa ina ji sarai, na kuma riƙe ta gam, saboda ita nake so a faɗa min.

Bayan sati biyu, daidai lokacin ɗiban zuma gab da saukar damina, wani babban mai saye ya zo da mota daga Abuja. Ranar Baba Bitrus ya kawo jarka huɗu, zumar ta yi haske, da ɗan tsaki-tsaki a ƙasa. Baƙon ya leƙa ya ce sukari ne. Baba Bitrus ya ce ba sukari ba ne. Jama'a suka taru, aka ce a kai wa Ɗanlami. Na zari tsinke na tsoma na ɗiga a bakin harshe, na rufe baki. Zaƙi bai zo ba. Abin da ya zo shi ne ƙarfen nan, fes, kamar na sa mabuɗi a baki. Na san da safen nan ma na ji shi a shayina. Da na ce musu ba ni da lafiya a nemi wani, da an wuce wurin. Amma ido ya yi yawa, kuma shekara da shekaru ban taɓa cewa ban sani ba. Sai na ce, "Akwai tukunya a ciki."

Baba Bitrus ya ce, "Malam, ka sake ɗanɗana. Shekara nawa kana shan zumana?"

Na sake, na ji abin da na ji. Na ce, "Ni dai abin da na ji na faɗa."

Ya ɗaure jarkokinsa huɗu a mashin, igiyar tana ta kuɓuce masa, ba wanda ya kama masa. Magana zarar bunu ce, kafin la'asar ta gama zaga kasuwa.

Wata ɗaya bayan haka Sista Rifkatu ta dawo min da kwalba. Ta ajiye a kan tebur, kumfa na fita ta gefen murfin. Ta ce, "Malam Ɗanlami, shekara goma sha biyar ba ka taɓa ba ni zuma mai tsami ba. Me ya same ka?" Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa mata komai, tun daga shayi har maganar likita. Ba ta yi dariya ba, tambaya ɗaya ta yi, "Wane kunne aka yi wa aikin? Ɗayan kuma fa, lafiyarsa ƙalau?" Na ce ina maganar harshe kina maganar kunne, ke ma irin likitan ce. Ta ce in jira ta gobe.

Ta zo da 'yan kwalabe huɗu da auduga a kan tsinke. Muka shiga bayan rumfa don kada kasuwa ta ga Ɗanlami ya zaro harshe kamar ƙadangare. Ta ce in rufe ido. Ta shafa wani abu a bakin harshen, na ce ruwa ne. Ashe ruwan sukari ne. Ta shafa na gishiri, na ce ruwa ne. Na lemun tsami ɗan tsikari kawai na ji. Dama da hagu duk ɗaya. Sai ta ce in buɗe baki sosai, ta kai audugar can baya kusa da maƙogwaro, nan take zaƙi ya cika min baki, har na kama hannunta. Ta gwada ruwan shuwaka a wurin, na kusa amai, amma ban taɓa murna da ɗaci irin ta ranar ba. Daga ƙarshe ta ɓantari ɗanyar citta ta goga a bakin harshen, ya ɗau zafi rau.

Na ce, "To, ga shi ina ji!"

Ta ce, "Wannan ba ɗanɗano ba ne, zafi ne. Citta da barkono ba ɗanɗana su kake ba, ƙona ka suke. Hanyarsu daban, kuma taka lafiya lau take."

Mutumin da aka haifa a ƙasar citta, a ce masa zafin citta ba ɗanɗano ba ne. Na ce ban yarda ba sai na gani. Ta ce in zo makarantarsu ranar Asabar, ba ɗalibai.

Ta zaunar da ni gaban madubin likita, irin mai nuna abin da ido ba ya iya gani, ta sa wani ɗan gilashi mai ɗigon ja a tsakiya. Ta ce harshen zomo ne aka yanka siriri fiye da bawon albasa aka rina shi, amma na mutum ma haka yake. Da farko gashin idona kawai nake gani. Ta murɗa wani abu, sai gona ta bayyana, kunya da kwari, kunya da kwari. Ta ce kaushin nan da muke gani a kan harshe ke nan. A jikin bangon kowane kwari kuwa ga wasu abubuwa farare a jere, masu ciki, bakinsu tsuke, kamar an raba 'yar albasa biyu daga sama zuwa ƙasa. Ta ce, "Ga ma'aikatanka nan da ba ka taɓa gaisawa da su ba."

Na daɗe ina kallo. Kowace 'yar albasa ashe tarin ƙwayoyin halitta ne dogaye, hamsin zuwa ɗari, a tsaye suna jingine da juna, kawunansu sun haɗu a wata 'yar ƙofa a sama. Ta wannan ƙofar abinci ke shiga in yawu ya narkar da shi, shi ya sa busasshen harshe ba ya jin komai. Kuma ba aiki ɗaya suke ba. Wasu na kama zaƙi, wasu ɗaci, wasu irin daɗin nan na nama da daddawa, wasu tsami, gishiri ma da tasa hanyar. Wasu ba sa ɗanɗana komai, riƙe gidan kawai suke suna share shi. Can ƙasa kuma ga ƙanana suna jiran gado, saboda manyan ba sa wuce kamar sati biyu sai su mutu a maye gurbinsu. Na ce mata ke nan harshen da Mama Laraba ta horar ya mutu tun ina saurayi? Ta ce ya mutu ya sake mutuwa ba adadi, abin da ta horar yana cikin kaina. Wannan maganar ta tsaya min a rai kwana da kwanaki.

Sai ta nuna min gindin albasar, inda wasu zare-zare ke shiga. Ta ce jijiya ce, ba ta jini ba, ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Ta ɗauko alli ta zana min kai a allo. Gaban harshe, kashi biyu cikin uku, jijiya ɗaya ke ɗaukar saƙonsa a kowane ɓari. Bayan harshe wata ce daban. Can cikin maƙogwaro ma akwai 'yan albasa kaɗan da tasu jijiyar. Zafi da sanyi da taɓi, har da yajin citta, wata ce ta huɗu. Sannan ta ja layin ta gaban harshen, maimakon ya miƙe zuwa ƙwaƙwalwa sai ya karkata ya shiga kunne, ya ratsa ta bayan dodon kunne, tsakanin wasu 'yan ƙasusuwa, kamar igiyar shanya da aka ɗaura ta tsakiyar ɗaki. Duk mai aiki a ɗakin sai ya ɗaga ta ko ya ture ta. Ta ce mai yiwuwa ta hagu tsohon ciwona ya cinye ta tuntuni ban sani ba, ta dama ke ɗauke da ni, ita kuma aikin ya ja ta. In jijiya ta daina aiki 'yan albasar da take riƙe da su sai su yanƙwane, kamar kabewar da aka yanke wa yaɗo. In ta farfaɗo su sake tohowa.

Na ce, "Sista, me ya kai jijiyar ɗanɗano cikin kunne? Hanya ta ƙare ne?"

Ta ce, "Wannan ka tambayi Ubangiji, ni koyarwa kawai nake."

Na ce ashe Bahaushe ya riga likita sani, da ya kira aikin kunne da na harshe duka ji. Muna cikin dariya na tuna na tambaye ta ƙarfen nan da ke bakina. Ta ce jijiyar da ta ji rauni takan aika saƙon ƙarya, mutane da yawa da aka yi wa irin aikina suna kukan ƙarfe a baki. Nan take na daina dariya. Tukunyar da na ce tana cikin zumar Baba Bitrus ashe a cikin kunnena take.

Gyaran aikin bai yi wuya kamar yadda na zata ba. Mama Laraba ta koya min cewa zaƙi a bakin harshe yake zaune, ɗaci a baya. Sista ta ce Allah ya ji ƙanta amma a nan ta yi kuskure, duk inda 'yan albasar suke ana jin kowane ɗanɗano. Sai na koma ɗan koyo da furfurata. Na nemi dogon tsinke, in ɗiga zuma can baya ta gefe, in riƙe kada in haɗiye, in fitar da numfashi ta hanci, domin rabin abin da ke bambanta ɗorawa da mangwaro ma ƙamshi ne. Na sha shaƙewa da tari. A hankali itatuwa suka fara dawowa. Bayan wata bakwai ɓarin dama na gaba ya farfaɗo, ƙarfen ya tafi. Na hagu har yau shiru.

Gyaran maganar da na faɗa shi ne mai wuya, kuma a nan na yi abin kunya. Sista ta ce in tafi wurin Baba Bitrus a satin. Na ce sai harshena ya ɗan dawo, don kada in je hannu rabbana. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji kada kasuwa ta san Ɗanlami ya yanke hukunci da mataccen harshe. Wata biyu ina ja, har wani ɗan ƙauyensu ya faɗa min cewa maganar ta kai majami'a, an ce dattijo ba ya zama a gaba da sunan algus a kansa, an dakatar da shi daga kujerarsa sai an bincika. Washegari na hau mashin.

Damina ta yi nisa, hanyar duk taɓo. A bayan gidansa na ga amyoyi a jibge, an sauko da su daga dutse, kaza na kwanci a cikin ɗaya. Shi kuma na same shi a gonar citta yana cire ciyawa. Ya amsa gaisuwata bai miƙe ba. Na tsuguna a kan kunya na faɗa masa komai, kunne da jijiya da 'yan albasa, har na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya saurara sosai, ya ma taso ya leƙa kunnen nawa.

Ya ce, "To ranar da ka ɗanɗana, ka san bakinka ba lafiya?"

Na ce, "Na sani."

Ya koma yana kakkaɓe ƙasa daga saiwar ciyawa. Can ya ce, "A kasuwa ka faɗa, Malam. Ba a gona ba."

Ranar Lahadi na dawo na tsaya a ƙofar majami'arsu da hulata har aka tashi sujada, na faɗa wa fasto da jama'a abin da na yi. Ranar kasuwa kuma na hau kan bencina na sake faɗa, da ƙarfi, a daidai inda na yanke hukuncin. Wasu suka yi salati, wasu suka yi dariya, wani ya ce ashe shekarun nan canki-canka muke sha. Tun daga ranar ba a sake cewa a kai wa Ɗanlami ba, ko bayan da harshena ya dawo. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, kuma ban ga wanda zan kai wa ƙara ba. Baba Bitrus ya koma kujerarsa, amma shekarar ba ya da zuma, ƙudan sun watse.

Sai da aka shekara biyu na ji tsayuwar mashin a bakin rumfa. Jarka ɗaya ce. Ya sauke, ya zauna, muka gaisa, na tambayi iyali. Na buɗe murfin, ƙamshi ya taso, hannuna ya tafi wurin tsintsiya da kansa. Kafin tsinken ya kai, ya ɗora tafinsa a bakin jarkar.

"A'a, Malam. Wancan karon kai ka faɗa, ni na ji. Yanzu ni zan faɗa. Zuman nan mai kyau ne. Ka ji?"

Na ce, "Na ji."

Ya ce, "In za ka ɗauka, ka ɗauka a kan bakina. Harshenka ba zai sake shiga zumana ba, ko ina nan ko ba na nan. Ka yarda?"

Na mayar da tsinken na ce na yarda.

Shekara tara ke nan. Yana kawowa duk kaka da bazara, yanzu ya koma jarka huɗu, kuma zumarsa ke fara ƙarewa a rumfar nan. Masu saye suna cewa ta fi ta da, wani ya ce ɗorawa ce, wani ya ce akwai wani fure na kan dutse a ciki, su juyo su ce, "Baba, kai me ka ji?" Sai in ce su ƙara lasa su faɗa min. In ina ɗura ta a kwalba takan ɗiga a yatsana, ta gangaro a hankali har tsintsiyar hannu. Buta nake jawowa in wanke.